Ƙafar Mbah Paiman

Yammacin ranar da abin ya fara bai bambanta da na kullum ba. Rana ta faɗa bayan itatuwan kwakwa, kwaɗin lambatu sun soma kuka, ruwan kogin Komewaina ya janye ya bar laka tana tashin ƙarni. A ɗakin baya, Suminah tana durƙushe gaban gadon mahaifinta, wanda kowa ke kira Mbah Paiman, wato Kaka Paiman, tana warware bandejin ƙafarsa ta hagu a hankali, tana numfashi ta baki don kada warin ya tayar mata da zuciya.

Tun daminar bara da ɓarin jikinsa ya shanye, tsohon bai ƙara furta ko kalma ba. Idanu ne kawai a buɗe, sai hannun dama da ya rage da ɗan motsi. Da wannan hannun suke zance. Takan sa nata a ciki ta tambaye shi ko zai sha kunu, ko a juya shi, in ya matsa to ya yarda. Daga baya ciwon sukari ya kama ƙafar. Yatsun suka yi baƙi ɗaya bayan ɗaya, baƙin ya cinye tafin, yanzu yana lallaɓowa idon sawu.

Likitar da ta duba shi a babban birni, Paramaribo, ba ta yi musu ɓoye-ɓoye ba. Ta ce in an yanke daga gwiwa wataƙila ya ƙara watanni, wataƙila kuma ba zai farka daga allurar barci ba. In an bar ƙafar, za a riƙa rage masa zafi a gida har lokacinsa ya yi. "Shi ba zai iya faɗa ba, ku ne bakinsa," in ji ta. "Kuma ba abin da kuke so nake tambaya ba. Abin da shi zai so." Ta ce su kawo amsa kafin baƙin ya haura ƙwauri.

Suminah ta tambayi hannun. Ta ce a yanke, shiru. Ta ce a bari, shiru.

Yayanta Legiman, wanda ya iso daga Holanda a makon, yana tsaye bakin ƙofa da hankici a hanci.

"Har yanzu tunanin kike yi? Ƙafa ce fa, Sumi. Can inda nake, tsofaffi masu ƙafar roba har keke suke hawa."

"To ka ɗauke shi ka kai shi can ya hau keken mana, Kang," in ji ta, don haka suke kiran yaya.

"Bakin nan naki dai, tun kina yarinya."

"Mutumin da ko allura bai taɓa yarda an yi masa ba? Ka manta yadda ya sungumo Mak, uwarmu, daga asibiti ya kawo ta ta cika a ɗakinta?"

"Wannan Mak ce ta roƙa da bakinta. Shi fa, ya ce miki haka?"

Suminah ta sunkuya tana matse tsumma a ruwan ɗumi, sai ga ƙara a kan rufin kwano, kamar an saki kwakwa daga sama. Abin ya gangaro a hankali, ya faɗi bayan taga. Kwaɗin nan duk suka yi tsit a lokaci guda.

Legiman ya fita da fitila yana zagin 'ya'yan maƙwabta. Da ya dawo ya daina zagin. Dutse ne a hannunsa, baƙi, sumul, ya kai ƙwan agwagwa, kuma da ɗumi kamar yanzu aka fito da shi daga hammata. Ƙasarsu ƙasar laka ce. Mutum zai yi yini yana tafiya bai ga dutsen da zai jefi kare ba.

Washegari da magariba duwatsun suka dawo, wannan karon da yawa. Rana ta uku maƙwabta suka taru a tsakar gida da adduna, suka kewaye gidan, duwatsu kuma suna ta sauka a kan rufi a gaban idonsu, ba wanda ya ga inda suke fitowa. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki suka koma gidajensu, ba sallama. Bayan duwatsu sai sawu. Da zarar ladan ya gama kiran magariba, sai a ji takun kofato yana zagaye gidan, a natse, kamar dabbar da ke neman ƙofa. Babu mai doki a ƙauyen, ko a ƙauyen gaba.

Suminah ta san takun, ta dai ƙi faɗa. Mahaifinta a ƙuruciyarsa shi ne gwanin rawar dawaki a duk gaɓar kogin. A ranar biki, in ganguna suka ɗau zafi, yakan hau dokinsa na saƙar gora ya yi ta rawa har iska ta hau shi, ya koma haniniya, yana cin ciyawa da ɗanyar shinkafa, ƙarti suna riƙe shi suna faɗuwa. Ya bar rawar tun tana ƙarama. Dokin yana nan rataye a ɗakin ajiya, ƙura ta rufe shi.

Sai abin ya waiwayo kan Irma, 'yar Suminah tilo, budurwa mai fara'a da ke shirin shiga makarantar koyon malanta. Mahaifin Irma yana can daji wurin haƙar zinariya, inda waya ba ta kaiwa. Yarinyar ta fara da ƙin abinci, ta bar hira, tana yini bakin baranda tana kallon kogi. Wata magariba Suminah ta fito kiranta sallah, ta same ta a gindin ayaba, gwiwa da hannu a ƙasa, ta farke buhun shinkafar da ba a casa ba, tana tauna da ƙaiƙayin, jini na bin haɓarta.

Da ƙyar ita da Legiman suka shigo da ita. Suka kwantar da ita a tabarma a ɗakin tsohon, don nan ne fitila ta fi haske. Ta yi lamo, ido a rufe. Can sai bakinta ya buɗe, murya ta fito, kakkaura, mai ɗan shaƙewa, muryar da gidan ya yi shekara bai ji ba.

"Nduk."

Haka mahaifin Suminah yake kiranta tun tana goye. Suminah ta juya ta dubi gado. Tsohon yana kwance yadda yake, baki a karkace, idanu na kallon rufi.

"Nduk, kin gaji da ni ne?"

"Pak," in ji Legiman, don haka suke kiran uba. "Pak, kai ne?"

"Ku yanke ta. Kada ku bar ni in ruɓe. Ina so in ƙara ganin damina. Sumi kam so take ta huta."

Legiman ya zube a ƙasa yana kuka kamar yaro. Suminah ta rarrafa ta kama hannun mahaifinta, ta ce a hankali, "A yanke?" Hannun ya matse nata, matsewar da sai da ƙasusuwanta suka yi ƙara.

Ba duwatsun ne suka hana ta barci ba daga ranar. Maganar ce. Domin ta gaji ɗin. Ta gaji da wankin zannuwa, da juyi, da warin da ya kama gashinta har mutane ke matsawa in ta shiga mota. Akwai safiyar da ta tsaya bakin ƙofarsa tana sauraron numfashinsa, da ta ji yana nan, abin da ya zo mata ba godiya ba ne. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu ta rasa gane ko don shi take cewa a bar ƙafar, ko don kanta.

Legiman ya ce magana ta ƙare, Pak ya faɗa da kansa, jibi za su kai shi birni. Suminah ba ta yi musu ba. Abu ɗaya ta roƙa, a fara duba yarinyar, don Irma ta kwana biyu ba ta dawo hayyacinta ba, kuma ƙafarta ta hagu ta fara ja in tana tafiya. Da sassafe ta hau kwalekwale ta haye kogi wurin Mbah Kasan.

Mbah Kasan shi ne limamin ƙauyen hayi, tsoho siriri mai ido ɗaya. Kafin ya rungumi karatu, shi ne mai riƙe bulala a rawar dawaki, wanda ke dawo da masu rawa hayyacinsu in an gama. Ya saurare ta har ta kai aya, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Na sha gaya wa Paiman ya sallami baƙon nan tun yana da baki. Ya ce sai wata rana."

Ya iso gab da faɗuwar rana, ba shi da komai sai gorar ruwa da carbinsa. Ya yi alwala a bakin randa, ya ja su sallah a falo, duwatsu na sauka a kansu bai ko ɗaga murya ba. Bayan sallama ya shiga ɗakin baya, ya daɗe tsaye kan tsohon abokinsa, ya shafa masa goshi. Sannan ya zauna a ƙasa gaban tabarmar Irma ya soma karatu ƙasa-ƙasa. Haske yana ta janyewa daga taga. Sauro ma ba a ji.

"Kasan," in ji muryar daga bakin yarinyar. "Ka zo gaishe ni? Ka gaya wa yaran nan su kai ni asibiti."

"Paiman ne?"

"Ka manta muryata?"

"Ban manta ba."

Ya jawo farantin silba da ake kawo wa tsohon kunu, ya kife shi a cinya, ya soma bugawa da yatsu. Kiɗa ne mai sauƙi, a hankali, yana maimaita kansa. Suminah ta gane shi nan take, don ta san shi tun tana kan kafaɗar uwarta a filin biki. Kafaɗun Irma suka fara motsi. Wuyanta ya sandare, kanta ya yi baya, ta buga ƙafa a daɓe, sai haniniya ta cika ɗakin har kwanon rufi ya amsa.

Mbah Kasan ya ɗora tafinsa kan farantin. "Paiman ya tuba da wannan kiɗan, in ya ji shi tashi yake ya bar wurin. Kai ne dai ba ka iya jurewa. Yi magana da muryarka."

Muryar da ta biyo baya ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba, busasshiya, kamar ana jan kara a kan yashi.

"Ka tsufa, mai bulala."

"Me kake nema a jikin yarinya?"

"Gidana yana rushewa. Shi ya kira ni yana saurayi, ya yi wanka a mahaɗar ruwa, ya ce in zauna. Na zauna. Na ba shi suna, na ba shi ƙarfin da ya noma gonar nan. Yanzu ya kwanta bai sallame ni ba, bai kuma ba ni magaji ba. Ina zan je?"

"Shi ya sa kake so a yanke ƙafar."

"Sabon gida ba ya gyaruwa rana ɗaya. In ya ƙara watanni, na gama kwashe kayana."

Legiman ya ɗago kai. "To ba Pak ne ya yi magana ba?"

Kan yarinyar ya juyo gare shi a hankali, ido a rufe. "Ubanka? Na fi ka saninsa, ɗan Holanda. Ina ciki ranar da ya raka ka filin jirgi, ina ciki duk shekarun da ya yi yana jiran ka zo." Sannan ya juya wajen Suminah. "Ke kuma, mai tambayar hannu. Kunu, juyi, ruwa. Wa kike tsammani yake matsa miki?"

Suminah ta juya ta dubi hannun mahaifinta. Mbah Kasan bai dube ta ba, ya ce, "Kada ki karɓi labarin ubanki daga bakinsa, Sumi. Yakan haɗa gaskiya ɗaya da ƙarya tara, kuma ba zai nuna miki wacce ce wacce ba." Ya buɗe gorar, ya tofa, ya yayyafa wa yarinyar. Jikinta ya gantsare, ta yi wani gurnani, duwatsu suka zubo a kan rufi kamar ƙanƙara. Ya ci gaba da karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, har zubowar ta tsagaita.

"Dakata," in ji muryar, tana haki. "Mu yi ciniki. Ka bar mini ita a ranakun biki kawai."

"Ko na ƙiftawar ido."

"To namijin."

"Za ka iya sanyin Holanda?"

Wani sauti ya fito mai kama da dariya, ya yanke. "To ji wannan. Ni nake riƙe da numfashin tsohon nan. In ka kore ni daga yarinyar kaɗai, zan koma cikinsa in jira, in kuma dawo. In ka kore ni daga gidan gaba ɗaya, da ni da shi za mu fita. Zaɓi."

Mbah Kasan ya sauke carbinsa. Ya juyo ya dubi wa da ƙanwa, fitila na haska rabin fuskarsa.

"Wataƙila ƙarya yake. Wataƙila kuma gaskiya ce, ban sani ba. Rai na Allah ne, amma ubanku ne, 'yarku ce, duka biyun kuma ba mai iya cewa komai. Ba ni zan zaɓa muku ba."

Suminah ta dubi 'yarta, ta dubi gadon. In ta ce a kore shi, har abada za a ce ta sayar da uba ta fanshi 'ya, ita ma za ta faɗa wa kanta haka. Ta dubi yayanta. Legiman yana kallon gadon, hawaye na bin gemunsa, ya daɗe a haka.

"Pak ba zai yarda ya sayi numfashi da jikin jikarsa ba," in ji shi. "Wannan kam na sani, ko ban san komai ba. Mbah, fitar da shi duka."

"Na yarda," in ji Suminah.

Karatun da ya biyo baya ya yi nauyi. Yarinyar ta yi ta birgima, uwa da kawu suna danne da ita, ɗakin ya cika da warin jiƙaƙƙiyar dabba. Can muryar ta dawo, ta yi ƙasa, ta gaji.

"Ba za ku kore ni hannu wofi ba. A yanka mini zakara."

"Babu jini, babu hadaya."

"To dokina."

"Wannan naka ne. Ɗauki kayanka ka bi ruwa, kada ka waiwayi gidan nan ko zuriyarsa."

"Ɗansa ne zai kai ni."

Legiman ya shiga ɗakin ajiya ya sauko da dokin gora. Daga baya ya ce abin da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, sai da ya saɓa shi a kafaɗa, gwiwoyinsa na lanƙwashewa. Ya gangara gaɓa cikin sauran jan sararin magariba, laka har ƙwauri, ya sake shi a ruwa. Dokin bai kwanta ba. A tsaye ya tafi, kansa a sama, har duhu ya haɗiye shi.

A ɗaki, Irma ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Mak, ƙishirwa." Suminah ta rungume ta, amma kunnenta yana kan gado. Numfashin tsohon ya tsaya. Ta ƙirga bugun zuciyarta, ta ƙirga, sai ga shi ya ja wani dogo, ya ci gaba. A waje kwaɗi suka dawo da kukansu.

Bai mutu ba. Sai dai da ta sa hannunta cikin nasa da safe ta ce ko zai sha kunu, hannun yana kwance kamar ganye. Bai ƙara matsawa ba, ranar ko bayanta.

Tambayar likita kuwa tana nan inda suka bar ta. Mbah Kasan, da zai shiga kwalekwale, Legiman ya tare shi ya ce ya ba su shawara. Tsohon ya ce addini bai tilasta musu yankan da ba tabbas ba, bai kuma hana su ba, su biyun sun fi shi sanin wanda ya haife su.

Ranar Legiman ya ajiye hankicinsa. Shi ya riƙe ƙafar, Suminah ta wanke. Suka zauna a baranda har la'asar, suna tono tsohon tun daga farko: yadda ya ɗinke tsagar adda a cinyarsa da zaren kamun kifi don kada a kai shi birni, yadda kuma ya yi kwana uku manne da kifaffen jirgi a bakin teku ya ƙi sakin rai. Kowane labari yana ja ta nasa gefen. Suminah ta gaya masa maganar safiyar nan da ta tsaya bakin ƙofa. Legiman ya ce shi ma ba don Pak yake son yankan ba, so yake a ba shi lokacin da zai biya shekarun da bai zo ba. Da suka cire nasu suka ajiye gefe, abin da ya rage kaɗan ne, amma ya fi karkata ga a bar shi a gida da ƙafarsa.

Suka je birni tare. Likita ta tambaya wa ya yanke shawarar, Legiman ya ce, "Mu biyu." Aka haɗa su da ma'aikaciyar jinya mai zuwa da maganin zafi. Mbah Paiman ya cika a ɗakinsa kafin ruwan farko, da hantsi, ɗansa na karanta masa Yasin, ƙafafunsa biyu a jikinsa.

Bayan sadakar arba'in, Legiman ya koma. Wata rana da rana tsaka Suminah da Irma suna ɓare rogo a inuwar baranda, yarinyar ta mayar da jikinta, har ta fara tsokanar uwarta. Suminah ta tambaye ta abin da ta daɗe tana son tambaya, ko tana tuna wani abu na kwanakin nan.

Irma ta ce a'a, duhu ne kawai, da ganguna. Ta ci gaba da ɓara. Can ta tsaya da wuƙar.

"Sai Mbah, kakana. Yana can nesa, zaune, shi kaɗai. Ba muryar nan da kuka ce ba, shi ɗin kansa. Yana ta ɗaga mini hannu, yana faɗin wani abu, yana maimaitawa, kamar saƙo yake so in kawo muku."

Suminah ta ajiye rogon da ke hannunta. "Me ya ce?"

"Ban ji ba, Mak. Gangunan sun yi ƙara da yawa."

Da yamma Legiman ya bugo waya daga Holanda, ya tambayi gida, ya tambayi jikin Irma, ya ce ko akwai wani labari. Suminah ta ce babu, lafiya lau.